Darasin Kimiyya: Arzikin Gaɓar Teku, Daga Taɓon Neja Delta Zuwa Madafin Gidanmu

Ɗalibai, a ajiye biro tukuna. Kafin mu rubuta komai, kowa ya leƙa madafin gidansu da idon zuci. Ga kwalbar manja a gefen murhu. Ga ɗan ƙullin kirefish da ake barbaɗa wa miya. In da gas ake girki, ga tukunyarsa can a lungu. A zaure kuma wataƙila akwai ragowar buhun yuriya da damina ta bari. In kuka bi sawun waɗannan kayan ɗaya bayan ɗaya, mafi yawansu wuri guda za su kai ku, wato gaɓar Tekun Atalantika a kudancin Najeriya, musamman yankin da ake kira Neja Delta. Da yawanku ba ku taɓa ganin teku ba, amma babu ranar da ba ku ci arzikinsa.

To, yanzu a ɗauki biro. Albarkatun ƙasa su ne abubuwan da Allah Ya ajiye a doron ƙasa, ko a ruwa, ko a ƙarƙashinsu, waɗanda ɗan Adam bai ƙera ba amma yake amfana da su. Masana sun kasa su gida biyu. Akwai masu sabuntuwa, irin su kifi da itace, waɗanda in an ɗiba suke hayayyafa su mayar da gurbi. Akwai kuma marasa sabuntuwa, irin su ɗanyen mai da iskar gas, waɗanda duk abin da aka ɗiba ya tafi ke nan. Sai dai ku ja layi a ƙarƙashin wannan: mai sabuntuwa ma yana ƙarewa in ɗibarsa ta fi haihuwarsa sauri.

Yadda ƙasar ta ginu

Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini. Ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Najeriya ta jihar Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya miƙe kudu. Tsawonsa kusan kilomita 4,180 ne. Duk tsawon tafiyar nan ba ruwa kaɗai yake ɗauke da shi ba, yana jan rairayi da laka da ruɓaɓɓen ganye. Gulbin Rima da na Sakkwato suna kawo masa nasu, Kogin Kaduna ya kawo nasa, Gongola ya zuba nasa a Binuwai a Numan. 'Yan Kano da Haɗeja kada su yi saurin cewa da su a ciki: ruwansu gabas yake yi, ya nufi Tafkin Chadi.

Kogi yana iya ɗaukar kaya ne muddin yana gudu. Da ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa dab da teku sai ƙarfinsa ya mutu, ya fara sauke abin da ya ɗauko. Kayan da ya sauke su tare masa hanya, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. A kudu da Onitsha, kusa da garin Aboh, Kwara ya kasu zuwa Forcados da Nun, daga nan kuma ya watse ya zama ɗaruruwan ƙoramu. Wannan fili mai siffar mafici shi ake kira delta, sunan wani harafin Girkanci ne mai kusurwa uku. Ba sai kun je kudu za ku ga irinsa ba. Bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ku je inda kwazazzabo ya ɓulla cikin fili, za ku tarar yashi ya baje kamar tafin hannu, ruwa na bin tsakanin yatsun. Neja Delta ke nan a ƙarami.

Ga kwalba a hannuna. Na zuba tsakuwa, da yashi, da jar ƙasa, na cika ta da ruwa, na girgiza. Ku duba. Tsakuwa ta riga kowa zama. Yashi ya biyo baya cikin 'yan daƙiƙu. Ruwan sama-sama kuwa har yanzu jajir yake, lakar ba za ta kwanta ba sai gobe. Haka kogi yake rarraba kayansa: yashi kusa, laka can nesa cikin ruwa mai zurfi. Shekaru miliyoyi ana wannan zubi, hawa kan hawa, har kaurinsa a wasu wurare ya haura kilomita goma. Ku riƙe kwalbar nan a ranku, za mu komo kanta idan muka zo maganar mai.

Ruwa da zafi

Yankin bai fi digiri huɗu zuwa shida arewa da ikwaita ba, saboda haka rana tana dukansa kusan a tsaye duk shekara. Iska mai laima da ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma nan take fara sauka, nan kuma take yin sallama. Damina takan fara tun Maris, ba ta tafiya sai wajen Nuwamba. A tsibirin Bonny ruwan da ke zuba a shekara yakan wuce milimita 4,000, alhali a Sakkwato yawancin shekaru ba ya kai 800. Zafi da laima in sun haɗu, tsiro ba ya hutu. Amma kada wannan ya ruɗe ku ku zaci ƙasar kurmi ta fi kowace ƙarfi. Yawan ruwan yana wanke sinadaran abinci zuwa ƙasa can, ya bar turɓaya mai tsami. Ƙarfin kurmi a jikin itatuwansa yake da ganyen da suke zubarwa. Shi ya sa amfanin da ya fi karɓar wurin shi ne mai dogon saiwa da mai jure tsami: kwakwar manja, roba, rogo, ayaba.

Dajin da ke tsaye cikin taɓo

A nan nake so mu daɗe, domin shi ne arzikin da aka fi rainawa.

Teku ba ya zama wuri ɗaya. Saboda jan da wata yake yi masa, yakan cika ya janye sau biyu a kowace rana. In ya cika, ruwan gishiri ya kutsa cikin ƙoramu ya gauraya da ruwan daɗi. Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, na kogi kuwa kusan babu. Gaurayen nasu shi ne ruwan zartsi. Yawancin itatuwa ba sa rayuwa a cikinsa, domin gishiri yana zuƙe ruwa daga saiwa, kamar yadda yake zuƙe ruwan yankakkiyar albasa in an barbaɗa mata. Ga shi kuma taɓon wurin babu iska a cikinsa. Duk da haka akwai itacen da nan ne gidansa, sunansa mangurob. Kada wani ya rubuta mini mangwaro a jarrabawa, ba su haɗa komai ba. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin wannan daji, kuma mafi yawansa a Neja Delta yake.

Jan mangurob, wanda ya fi yawa a can, saiwoyinsa daga jikin gangar suke fitowa, su lanƙwasa su soki taɓo, sai ka ga itace kamar gizo-gizo ya tsaya a kan ƙafafu. Saiwoyin suna tokare shi kada ruwa ya tafi da shi, suna tace gishiri tun daga ƙofa, kuma a jikinsu akwai 'yan ƙofofi da yake shaƙar iska ta nan idan ruwa ya janye. Wani irin kuma yakan bar gishirin ya shiga, sannan ya fitar da shi ta ganye, har in ka lasa ka ji ɗanɗanonsa. Shi saiwoyinsa ɓullowa suke yi daga taɓo a tsaitsaye kamar an kafa fensira dubu. Haihuwar jan ma abin kallo ce. Irinsa yana tsirowa tun yana maƙale a jikin uwa, ya yi tsawo kamar tsinke mai kauri, sannan ya faɗo. In ya dace da taɓo ya kafe, in ya faɗa ruwa ya yi ta yawo har ya sami masauki.

Mene ne amfaninsa? Ganyensa in ya zuba ya ruɓe, ƙwayoyin halitta su ci, ƙananan ƙwari da ƙaguwa su ci su, ƙananan kifaye su ci waɗancan. Saƙar saiwoyin kuma maɓoya ce da babban kifi ba ya iya kutsawa. Saboda haka kifaye da jatan lande da yawa da ake kamawa can cikin teku, a nan suka yi ƙuruciyarsu. Ɗakin reno ne. Wanda ya sare shi ya rage kifin da jirgi zai kama a nisan kilomita hamsin, ko da bai taɓa shiga jirgi ba.

Idan ruwa ya janye, mata sukan shiga taɓon har gwiwa da kwanduna, suna tsintar wani ɗan dodon koɗi mai tsini da ake sa wa miya a Fatakwal da Kalaba, suna ɓamɓaro kawa daga jikin saiwa. Babu jari, babu inji, amma da shi ake biyan kuɗin makaranta. Itacen yana da nauyi, wutarsa tana daɗewa, da shi ake bandar kifi, da shi ake kafa ginshiƙan gidajen kan ruwa. Ɓawonsa yana da sinadarin jima, irin wanda majemanmu suke samu a bagaruwa. Bayan haka dajin yana karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gari, yana riƙe gaɓa kada ta zaizaye, kuma taɓon da ke ƙarƙashinsa yana adana kabon fiye da ƙasar kurmin tudu. Duk wannan aiki babu mai rubuta masa rasit.

Yana da maƙiya. Ɗaya baƙo ne: wata kwakwa mai suna nipa da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. Duk inda aka sare mangurob sai ta mamaye wurin, ba ta kuwa ba kifi mafaka irin tasa. Ɗaya maƙiyin za mu gamu da shi a gaba.

Kifi

Gaɓar Najeriya tana da tsawon kimanin kilomita 850. Bisa dokar teku ta duniya ta 1982, duk abin da ke cikin ruwa har nisan mil 200 na teku daga gaɓa, haƙƙin cin moriyarsa na ƙasar ne. Mafi yawan kifin da ake kamawa a gida ba manyan jirage ke kama shi ba, masunta ne masu kwalekwale da koma, Ijaw da Ilaje da Ibibio da Andoni da sauransu. Kifin da suka fi dogaro da shi shi ne bonga, mai faɗin jiki da yawan ƙaya, wanda yake bin bakin koguna garke-garke. Da yake zafi da laima suna ruɓar da kifi cikin sa'o'i, banda ita ce firjinsu: hayaƙi da zafi su janye ruwan jikinsa, ƙwayoyin ruɓa su rasa wurin zama. Kirefish kuwa, wanda kasuwar Oron a Akwa Ibom ta yi suna da shi, ƙananan jatan lande ne da aka busar. Manyan jatan lande kuma jirage suke kamawa, a daskarar a kai Turai a karɓo kuɗin waje.

Duk da haka Najeriya tana sayo kifin ƙanƙara daga waje. Dalili na farko yawan baki. Na biyu kimiyya ce: a gaɓar Gana da Kwaddibuwa, tsakanin Yuli da Satumba, ruwan sanyi mai ɗauke da sinadaran abinci yakan taso daga ƙasan teku zuwa sama, kifi ya yi ambaliya. Gaɓarmu ba ta samun wannan sosai. Ita da abin da koguna da mangurob suka ba ta ta dogara.

Manja da sauran kayan kurmi

Tun kafin a san da fetur, Turawa suna kiran kogunan wannan yanki Kogunan Mai, kuma manja suke nufi. A ƙarni na 19 masana'antun Ingila suna bukatarsa don sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Da cinikinsa wani mai suna Jaja ya kafa garin Opobo a 1870, ya yi ƙarfin da ya tsone wa Turawa ido har suka kama shi suka fitar da shi daga ƙasar a 1887.

Kwakwar manja 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, kuma babu wani tsiro da ke ba da mai a kadada guda kamarta. Ta ninka gyaɗa sau da yawa. Mai biyu ne a cikin ɗa guda. Tsokar waje ita ke ba da manja, jan launinsa kuwa daga sinadarin karotin ne, wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A. Ƙwallon ciki in an fasa shi ake samun alayyadi. A ƙauye, mutum ya hau da igiya ya saro nonon, a bar shi kwana biyu ya saki, a dafa 'ya'yan a ganga, a kirɓa, a zuba ruwa a murje, mai ya taso sama a kwashe a sake dafawa. Wannan hanya tana barin mai da yawa a cikin tuƙa, kuma jinkirin da ake yi yana sa shi saurin tsami. Injin zamani yana matse kusan duka.

A farkon shekarun 1960 Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen manja. Yau Indunusiya da Maleshiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari, mu kuwa har sayowa muke yi. Za ku ji ana cewa daga wurinmu suka karɓi irin bayan mun sami 'yancin kai. Labarin yana da daɗi, amma tun 1848 aka dasa kwakwar a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, Maleshiya kuma ta buɗe gonarta ta kasuwanci ta farko a 1917. Ba iri suka fi mu ba. Cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin tana nan tun 1939. Su dai sun shuka ne a jere, sun kafa injin matsa kusa da gona, mu kuma muka sami fetur muka juya wa gona baya.

Sauran kayan kurmi mu bi ta kansu da sauri. Roba a Edo da Delta da Kuros Riba, ana tsaga ɓawon itacen da asuba a tari farin ƙaron a kofi. Katako irin su iroko da maɗacin kurmi, har wani katako ya ɗauki sunan garin Sapele a kasuwannin duniya. Tukurwa tana ba da igiya da gwangwala da bammi. A ƙasa kuma akwai farin yashin gilashi a wajen Ughelli, da farar ƙasar siminti a Mfamosing kusa da Kalaba, da kwalta ta asali a jihar Ondo.

Ɗanyen mai

Mu koma ga kwalbarmu. Lakar nan mai laushi da ta kwanta a ruwa mai zurfi ba ita kaɗai ta kwanta ba. Ta binne gawarwakin ƙananan halittun teku da ɓarɓashin tsirrai da kogi ya kawo. Da yake babu iska a can, ba su ruɓe sun ƙare ba. Sabon zubi ya yi ta hawa kansu yana danna su ƙasa. Ƙasa kuwa kowace kilomita guda ka nutsa, zafi yana ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. Idan zafin ya kai tsakanin digiri 60 da 150, kuma aka daɗe shekaru miliyoyi, sai wannan abu ya dahu ya zama mai. In zafin ya wuce haka, ya zama gas.

Masana duwatsu sun raba ƙarƙashin Neja Delta hawa uku. Na can ƙasa sunansa Akata, yawancinsa laka ce da ta zama dutse, a nan aka fi dafa man. Na tsakiya Agbada, yashi da laka ne bi da bi, a nan man yake taruwa. Na sama Benin, yashi ne zalla, shi ke riƙe da ruwan sha da rijiyoyin burtsatse ke ja.

Me ya sa man ya bar inda aka dafa shi? Ga kofi, ga ruwa, ga man gyaɗa. Na zuba, na juya, ga shi ya taso. Mai bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka yakan bi 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi yana hawa, har ya ci karo da shimfiɗar laka da ba ta yoyo. In shimfiɗar ta lanƙwasa kamar ƙwarya a kife, nan zai maƙale: gas a sama, mai a tsakiya, ruwa a ƙasa. Don haka ku cire wa ranku cewa akwai wani tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa. A cikin dutse yake, kamar ruwa a soso.

An fara samun mai na kasuwanci a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yau, a 1956, kamfanin Shell-BP ne ya haƙo shi. An fara fitar da shi waje a 1958 da ganga kusan 5,000 a rana. Najeriya ta shiga OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a 1971. Man da aka tabbatar yana ƙasa yanzu kusan ganga biliyan 37 ne. Irin namu da ake kira Bonny Light yana da tsada saboda abu biyu: ba shi da kauri, kuma farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce, don haka tace shi ba wuya kuma yana ba da fetur da dizal da yawa.

A matata dafa shi ake yi, tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa, sanyi-sanyi a sama. Kowane kashi ya koma ruwa a hawan da ya dace da shi: gas ɗin girki can ƙoli, sai fetur, sai kananzir, sai dizal, kwalta ta zauna a gindi. Gwamnati ta gina matatu a Fatakwal, da Warri a 1978, da Kaduna a 1980, wadda bututu ke kai wa mai daga Escravos. Shekara da shekaru ba sa aikin kirki, muna sayar da ɗanye muna sayo tatacce, kamar manomin da ya sayar da gyaɗa a gona ya komo kasuwa yana sayen ƙuliƙuli da mai. Matatar Dangote da ke Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta fara aiki a 2024.

Yanzu lissafi, kowa ya buɗe littafinsa. Ganga guda lita 159 ce. Mu ɗauka, don misali, ana haƙo ganga miliyan ɗaya da rabi a rana, kowace a kan dala 70. Nawa ke nan? Dala miliyan 105 a rana. Kuɗi ne masu sa kai ya juya. To, raba su ga mutum miliyan 220. Kowa bai kai rabin dala ba, kuma ba a cire kuɗin haƙowa da rabon kamfanoni ba tukuna. Wannan lissafi ya ishe ku amsa ga duk mai cewa fetur kaɗai zai iya riƙe ƙasar nan. Shi ne yake kawo mafi yawan kuɗin wajen da muke samu, sama da kashi 80 cikin ɗari a yawancin shekaru, amma a jimillar abin da ƙasa ke samarwa bai kai kashi goma ba, kuma mutanen da yake ɗauka aiki kaɗan ne. Farashinsa ma ba a hannunmu yake ba. A 2014 ganga ta haura dala 100, a farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30, a shekarar kuwa tattalin arzikin ƙasa ya karye, jihohi da yawa suka kasa biyan albashi.

Iskar gas

A gaskiya gas ɗin da ke ƙarƙashin yankin ya fi man yawa, an tabbatar da sama da ƙafa kubik tiriliyan 200. Wahalarsa ɗauka. A tsibirin Bonny, kamfanin NLNG yana sanyaya shi har digiri 162 ƙasa da sifiri, ya koma ruwa, girmansa ya ragu sau 600, sannan a loda wa jirgi. Jirgin farko ya tashi a 1999. Akwai bututun da ke kai shi Binin da Togo da Gana, ga kuma na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Mafi yawan wutar lantarkin da ke layin ƙasa ma da gas ake samar da ita.

'Ya'yan manoma, ga naku. Ana ciro haidirojin daga gas, a haɗa shi da naitirojin na iskar da muke shaƙa a sami amoniya, amoniya kuma a juya ta zuwa yuriya. Masana'antun Eleme da Onne kusa da Fatakwal da na Lekki aikinsu ke nan. Kashi 46 cikin ɗari na yuriya naitirojin ne, shi yake sa ganyen masara ya yi shar. Wato masarar Saminaka da shinkafar Kura suna cin gas ɗin gaɓar teku.

Abin da lissafin kasuwa ba ya nunawa

Gas ɗin da ke fitowa tare da mai, an daɗe ana ƙona shi a banza. Doka ta 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin dainawa, har yau akwai garuruwan da harshen wuta ke haska musu dare. Mai kuma yana malala, wani lokaci daga tsufan bututu ko haɗari, wani lokaci daga masu fasawa su sata su dafa a daji. Kun tuna ƙofofin da mangurob ke numfashi da su? Mai yana liƙe su, itacen ya shaƙe ya mutu a tsaye. Kawa da dodon koɗi su bi shi, ɗakin renon kifi ya rufe. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni. A Nisisioken Ogale ta tarar da sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiya, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da ita sau 900. Ta ce gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ware aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai ga jihar da aka haƙo su, an kuma kafa hukumar raya yankin, NDDC, a 2000. A ganina gardamar rabon kuɗi ta cinye mana hankali har mun manta da tambayar kimiyya, wadda ta fi sauƙi: rijiyar mai tana da ranar ƙafewa, ta Oloibiri ta daɗe da yin shiru, amma ƙoramar da ke gefenta za ta iya ba da kifi har jikoki in ba a kashe ta ba. Duk lissafin da ya ƙirga ganga ya bar kwandon dodon koɗi, lissafi ne gurgu.

Mu ma na tudu hannunmu yana ciki. Madatsun ruwa irin su Kainji, da aka kammala a 1968, da Jebba da Shiroro suna ba mu wuta, amma suna tare wani kashi na yashi da lakar da ke gina gaɓa. Ga teku kuma yana ƙara tasowa. Garin Ayetoro a jihar Ondo, teku ya riga ya cinye masa unguwanni.

Aikin gida

Na farko, kowa ya samo kwalba mai haske, ya zuba tsakuwa da yashi da jar ƙasa da ruwa, ya girgiza, ya ajiye ta kwana biyu ba tare da taɓawa ba, sannan ya zana hawa-hawan da ya gani, ya nuna wanda zai iya riƙe mai da wanda zai iya tare shi. Na biyu, ku je wurin mai sayar da manja ko bandar kifi a kasuwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambaye shi daga wane gari kayansa suka taso, hannu nawa suka bi, kuma a wane wata suka fi tsada. Ku rubuto amsar da dalilin da kuke gani ya sa haka. Na uku, ku sake lissafin gangar nan, amma a kan dala 30.

Ran Litinin zan fara da duba kwalabe. Wanda ya girgiza tasa a hanya, zan gane.